Filin Mai Duba Jini: Da wace ƙafa farar ƙwayar jini ke tafiya?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowa. Ta farko ta cinye filin, sauran biyun su yi mini haƙuri.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar ajin ƙarshe na lise a nan Tahoua: Baba, an turo wani bidiyo a rukunin WhatsApp na ajinmu, farar ƙwayar jini tana bin wata ƴar ƙwayar cuta, tana kutsawa tsakanin jajayen ƙwayoyi har ta cim mata ta haɗiye. Wasu sun ce haɗin kwamfuta ne. Malaminmu ya ce gaske ne, amma ba za a tambaye mu shi a jarabawar bak ba, ya wuce. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Ba ta da ƙafa, ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa. Da me take tafiya, kuma wa ke nuna mata hanya?

AMSA: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika ƙi bari bak ta yanke miki abin da za ki sani. In bidiyon da nake zato ne, wanda ba shi da launi, ba haɗi ba ne. Wani masani mai suna David Rogers ya ɗauke shi a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a shekarun 1950. Sauri kawai aka ƙara masa. Na san haka don na taɓa ganin abin da idona.

Wata rana ce cikin watan Afrilu, shekarun baya. Wuta ta ɗauke tun hantsi, injinan ɗakin gwajin duk sun yi shiru, babu abin da ke aiki sai tsohon madubin duba jinin nan, mai girmama ƙananan abubuwa, mai ɗaukar haske daga taga. Don rashin abin yi na soki yatsana, na ɗiga jini a gilashi, na rufe da ƙaramin gilashi, na shafe gefen da bazalin don kada ya bushe. A ƙasashen sanyi sai an ɗumama gilashin kafin ƙwayoyin su motsa. Mu a Tahoua cikin bazara ɗakin da kansa ya kai zafin jikin mutum, har ya zarce. Ban jima ba na ga ɗaya ta lafe a gilashin, ta baje, ta miƙo wani siririn leɓe ta gefe guda, sauran jikin da ƴan tsabar da ke cikinsa suka kwararo suka bi shi, baya kuma ya tsuke kamar bakin jaka. Na fi rabin sa'a ina kallo, gumi na ɗiga a kan tebur. Kafin ranar na duba dubban gilasai na gwajin zazzaɓin cizon sauro da na ƙidayar jini, amma duk matattu ne, an busar, an rina da Giemsa. Mai duba irin wannan gilashi kamar wanda ya dubi kilishi ne yana son sanin yadda sa ke gudu.

Wadda na gani, kuma wadda kika gani, sunanta nutrofil. Ita ta fi yawa cikin fararen ƙwayoyin babban mutum, tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, kuma ɓargo na ƙera kimanin biliyan 100 a kowace rana, don ba sa daɗewa. Faɗinta mikromita 10 zuwa 12, mikromita kuwa shi ne milimita in an raba ta gida dubu. A minti guda tana tafiyar kusan tsawon jikinta ko ta ɗan fi. Kin ga milimita ɗaya tak sai ta ci mata fiye da sa'a guda.

Littafinku na faransanci ya kira abin da take tafiya da shi sitoskelet, wato ƙwarangwal ɗin ƙwayar halitta. Ban taɓa son wannan suna ba. Ƙwarangwal ba a kwance shi da safe a sake ɗaurawa da rana, wannan kuwa aikinsa ke nan. Zaruruwa ne iri uku a cikin ƙwayar, amma mai ɗauke da tafiya shi ne mafi siranta, aktin, wanda Brunó Straub ya fara warewa daga tsoka a 1942 a garin Szeged na ƙasar Hungari. Aktin ƙananan dunƙuloli ne da ke iya jeruwa ɗaya bayan ɗaya su zama kara, su kuma wargaje su koma dunƙuloli cikin daƙiƙoƙi.

Ki ɗauka kina cikin gidan sauro wanda ba a ɗaure shi da komai ba, a hannunki akwai guntayen karan dawa masu shiga cikin juna. Kina so ki matsa gabas. Sai ki yi ta ƙara guntu a kan karan da ke fuskantar gabas, suna tsawo, suna tura ragar gaba. Kara ya ƙare miki, sai ki kwance na yamma ki kawo gaba. Ragar ita ce fatar ƙwayar. Ba ta da ƙafa ajiyayya: kowane taki sai ta gina ƙafar, ta taka, ta rushe, ta kai kayan gaba.

To, wa ya ce gabas? A nan ne labarin ya fi daɗi.

Ƙwayoyin cuta suna zubar da guntayen furotin masu wata alama a farkonsu, wanda aka fi bincike a kai shi ne fMLP. Naman da ya ji ciwo shi ma yana sakin nasa kiran, irin su IL-8. Waɗannan abubuwa suna yaɗuwa kamar hayaƙin balangu a tasha, kusa da mai gashi ya fi kauri. Ke da hanci kike bi. Nutrofil duk jikinta hanci ne: fatarta cike take da furotin masu kama wannan ƙamshi, kuma tana iya gane bambancin kashi 1 ko 2 cikin ɗari tsakanin wannan gefe nata da wancan. Ɗan wannan rinjaye ya isa.

Amma hanci ba ya gini. Tsakanin mai jin ƙamshi a fata da aktin a ciki akwai ƴan aike, su ne furotin masu isar da saƙo. Uku daga cikinsu ki riƙe sunayensu: Rac, Cdc42 da Rho. Kowannensu makunni ne. In yana riƙe da wani sinadari da ake kira GTP, a kunne yake. In ya mayar da shi GDP, ya mutu. Akwai masu kunna su, ana ce musu GEF, akwai masu kashe su, GAP. Anne Ridley da Alan Hall ne suka fito da wannan fili a birnin Landan a 1992. Da wata allurar gilashi siririya suka zuba furotin ɗin cikin ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya. Da suka zuba Rac kunnanne, gefen ƙwayar ya fara yin leɓe yana kaɗawa. Da suka zuba Rho, sai igiyoyi masu kauri suka ɗaure cikinta tamau. A 1995 Hall da Catherine Nobes suka nuna cewa Cdc42 kuma ƴan yatsu yake fitarwa, sirara, kamar na mai laluben hanya cikin duhu.

Ga yadda suke raba aiki a nutrofil. Gefen da ƙamshi ya fi yawa, can Rac da Cdc42 ke kunnuwa. Su ma ba su taɓa aktin da hannunsu. Rac na tashin wani mai suna WAVE, Cdc42 na tashin WASP, su biyun kuma ƙofar magini ɗaya suke ƙwanƙwasawa, Arp2/3. Wannan magini dabararsa guda ce: ya hau jikin karan aktin da ke nan, ya tsirar da sabon reshe a gefe, a karkace da digiri 70. Gwafa ke nan. Reshe ya yi reshe, gwafa a kan gwafa, nan da nan gaban ƙwayar ya cika da sarƙaƙƙiya mai ƙarfin tura fata. Kara guda lanƙwashewa zai yi, amma shingen ƙaya da aka sarƙa ba ya lanƙwasa, kowane manomin Adar ya san wannan.

A baya kuwa Rho ke mulki. Shi yana tashin miyozin, ɗan'uwan furotin ɗin da ke jan tsokar damtsenki, ya matse bayan ƙwayar ya cusa kayan cikinta gaba. Tsukewar bakin jakar da na gani ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne gaba da baya ba sa shiri: inda Rac ya kunnu yana danne Rho, inda Rho ya kafu Rac ba ya samun wurin zama. Wannan gabar ce ke ba ƙwayar gaba ɗaya da baya ɗaya. Da babu ita, da sai ta yi leɓe ta ko'ina, ta zama amalanken da aka ɗaura wa jaki gaba da baya, ana ta duka ba a zuwa ko'ina. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce babu mai nuna mata hanya. Makunnai ne ke rinjayar juna, kuma da ƙwayar cutar ta kauce, ƙamshin ya koma wani gefe, rinjayen ma sai ya koma can.

In ta cim mata, kayan aikin ba sa canzawa. Aktin ɗin nan ne ke tasowa kewaye da ƙwayar cutar kamar ƙoƙo, ya rufe a kanta. Rac kuma yana da aiki na biyu: yana cikin masu kunna injin da ke fitar da guba a cikin wannan ƙoƙo, har a kai ga sinadarin da ke aiki a ruwan javel da muke goge teburin gwaji da shi. Furotin ɗin da ke haɗa wannan guba kore ne, shi ya sa mugunya ke ɗan yin kore-kore. Mugunyar maruru galibinta gawarwakin nutrofil ne da suka iso suka yi aiki suka mutu a wurin. Wanda ya fara fahimtar cewa wannan haɗiya kariya ce ga jiki, ba ɓarna ba, Elie Metchnikoff ne, a 1882 a garin Messina na Italiya. Ƙaya ya soka wa ƴan tsutsar wata dabbar teku masu jiki garau kamar gilashi, da gari ya waye ya tarar ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Ya samu kyautar Nobel a 1908.

Bari in ƙara miki wanda ba ki tambaya ba, don mu nan ya shafe mu. Makunnin da ke da amfani haka, ɓarayi ba za su bar shi ba. Dangin Salmonella, waɗanda mai jawo taifot ke cikinsu, suna tsira wa ƙwayar bangon hanji wani furotin, SopE, mai kwaikwayon GEF. Ya kunna Rac da Cdc42, ƙwayar hanjin da ba aikinta ba ne haɗiya ta yi leɓe ta janyo cutar ciki da kanta. Bayan ta shiga sai wani furotin nata, SptP, ya yi aikin GAP, ya kashe makunnin, fata ta koma lumui. Ɓarawon da ya shiga da makullin jabu ya kuma ja ƙofa a bayansa. Shigella mai jawo atuni ta fi rashin kunya: tana cikin ƙwayar, sai ta sa Arp2/3 ya yi ta gini a bayanta, ginin ya yi ta ingiza ta har ta huda zuwa ƙwayar maƙwabta. Da karanmu take tuƙa kwalekwalenta.

In kin ci bak, in Allah ya yarda, kika sauka sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, za ki sake haɗuwa da waɗannan sunaye. Kafin nan, ki roƙi mai kula da ɗakin gwajin lakkol ɗinku ya nuna muku ɗanyen jini a gilashi cikin zafin nan. Shi ya kamata ya yi sukar, da sabuwar allura, ba ku ba.

TAMBAYA, daga wata kaka a unguwar Boukoki, Yamai, ta bakin ɗanta: Malam, jikana ya kwana goma sha huɗu cibiyarsa ba ta faɗi ba. Nawa duk kafin suna take faɗuwa. Uwar ta hana ni sa komai sai ruwan maganin da aka ba ta a asibiti. Wani ya ce mana alamar ciwon jini ce. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Kwana goma sha huɗu bai fita ƙa'ida ba. Yawancin cibiyoyi suna faɗuwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, wasu har uku, kuma maganin da ake shafawa, kloreksidin, yakan ɗan jinkirta faɗuwar. Gara jinkirin da abin da yake karewa. Surukarki ta yi daidai: kada a sa toka, ko man goge baki, ko kashin shanu. Ta nan ne ciwon sandarewar jarirai ke shiga.

Amma wanda ya gaya muku maganar bai ƙirƙire ta ba, kuma tana da nasaba da amsar da na ba ɗiyar can a sama. Cibiya ba bushewa kaɗai ke yanke ta ba, fararen ƙwayoyin jini na zuwa gindinta su taimaka. Kafin su zo sai sun fito daga jijiya, jini kuwa gudu yake kamar gulbi da damina. Kusa da ciwo bangon jijiya na yin danƙo, ƙwayar ta fara mirginawa a jikinsa, sannan saƙo ya zo daga cikinta ya buɗe wasu ƙugiyoyi da ake kira integirin, waɗanda gindinsu ke ɗaure da aktin. Ta kama bango, ta tsaya cik, ta matse ta fice ta tsakanin ƙwayoyin bangon. Akwai jariran da ake haifa ba su da ɓangaren wannan ƙugiya mai suna CD18. Su cibiyarsu kan haura wata guda, gindinta ya yi ja ya kumbura, su yi ta ƙuraje da gyambo, amma babu mugunya. In an kawo mana jininsu, fararen ƙwayoyi sun cika takarda, sun ninka na mai lafiya, don duk suna cikin jijiya sun rasa hanyar fita. Shi ya sa nake yawan gaya wa masu zuwa karɓar sakamako cewa takardar NFS, wato ta gwajin ƙwayoyin jini, ƙidaya ce kawai: tana faɗin yawan sojoji, ba ta faɗin ko suna iya tafiya. Wannan cuta ba ta da yawa ko kaɗan. Sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, don haka ta fi ɓullowa inda auren zumunci ya yi kusa.

Akwai wata kuma da WASP ya samo sunansa daga gare ta. Alfred Wiskott, likitan yara a Jamus, ya bayyana ta a 1937 a jikin wasu ƴan'uwa maza uku, Robert Aldrich a Amurka ya nuna a 1954 cewa ta wajen uwa take bi ta kama ƴaƴa maza, aka gano ƙwayar gadonta a 1994. Alamunta ƙuraje masu ƙaiƙayi, ciwon kunne da ba ya jin magani, da zubar jini, don plaket ɗinsu, wato ƴan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, kaɗan ne kuma ƙanana. Shi ya sa in likita ya tambayi uwa ko akwai ƴan'uwanta maza da suka rasu suna ƙanana, ba bin diddigi yake ba, kawunnan yaron yake nema.

Jikanki dai, in yana shan nono, babu zazzaɓi, gindin cibiyar babu ja, babu kumburi, babu wari, a bar ta a bushe a jira. In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana. In ta wuce mako uku tana nan, a nuna wa likitan yara ko da yaron garau yake.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Katako, Yamai: Babban yatsan ƙafata ya kumbura cikin dare, ko zane ba ya iya taɓa shi. Likita ya ce gut ne, ya ba ni kolshisin, na samu sauƙi. Abokina na fama da gwiwa, in ba shi sauran?

AMSA: Alhaji, kada ka ba shi. Kolshisin ba maganin kowane ciwon gaɓa ba ne. A ciwonka, wani gishiri mai suna asid urik ne ya daskare cikin gaɓar ya zama ƴan allurai. Nutrofil suka ɗauka abokan gaba ne, suka yi dafifi a wurin, kumburin da raɗaɗin nasu ne. Kolshisin na kama tubalin da ake gina zare na biyu na cikin ƙwayar, wanda ya fi aktin kauri kuma yake kamar bututu, ya hana shi jeruwa. Ƙwayar ta rikice, zuwan ya ragu, yatsa ya sace. In gwiwar abokinka gogewar shekaru ce, babu dafifin da za a tare. In kuma ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, ka ɓata masa lokacin da ya kamata a ce yana gaban likita.

Kuma wannan zare ba nutrofil kaɗai ke da shi ba. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu da shi take rabuwa, ƙwayoyin hanji da na ɓargo kuwa kullum cikin rabuwa suke. Tsakanin ƙimar da ke warkarwa da wadda ke kisa tazarar kaɗan ce, musamman ga mai ciwon ƙoda. Kai ma, in gudawa ko amai ya kama ka kana sha, ka dakata ka koma wurin wanda ya rubuta maka. Sauran ƙwayoyin a ɗaga su sama inda yara ba sa kaiwa. In layya ta zo, hanta da ƙoda da sauran kayan ciki ka bar wa yaran shago.